Sandikar makaɗa da ƴan teyatur: mine ne amfaninta?



Sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, haɗin kai ne na masu sana'a guda don kare haƙƙinsu: kuɗin aiki, lokacin aiki, da abin dogaro in ciwo ko tsufa ya zo. A nan Nijar mun fi jin sunanta wajen malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da masu sufuri, kuma manyanmu na tune da rawar da USTN ta taka har anka kai ga babban taron ƙasa na 1991. To ɗan teyatur fa? Mai kalangu, mai goge, zabiya? Su ma da guminsu suke ci.

Tun kakanni makaɗa na da tsarinsu. Sarkin makaɗa shi ke karɓar goron gayyata, shi raba abin da anka samu, shi sasanta rigima. Sai dai wanga tsari bisa kyauta yake tafiya. Abin da mai biki ya ga dama shi yake badawa, ranar da murya ta dushe kuma kyauta ta tsaya.

Zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, Samariya ta raya teyatur ƙwarai. Tun 1976 anka soma bikin matasa na ƙasa, ƙungiyoyin garuruwanmu su fafata a Tawa, gwanaye su wuce gaba. Lokacin ne sunan irin su Yazi Dogo ya cika ƙasa. Amma gwamnati ce ke riƙe da akala, galibin ƴan wasan kuma aikin sa kai sunka yi, ba albashi. Da Samariya ta kwanta, ƙungiyoyi da yawa sunka watse.

Yau akwai abu biyu da ya kamata mu bambanta. BNDA, da anka kafa a 1995, ofishin gwamnati ne mai kula da haƙƙin mallaka. Shi ke karɓar kuɗi daga masu amfani da waƙar wani, kamar otel-otel, masu shirya wasa da gidajen rediyo irin namu, sannan ya raba ma masu waƙar. Wanda bai kai aikinsa an rubuta ba, ba ya cikin rabo. ANACIMM kuwa ƙungiya ce ta mawaƙa da makaɗa su kansu, ita ta fi kama da sandika. Matsalar ita ce ofisoshi suna Yamai, mai goge yana ƙauye. Asusun CNSS ma ma'aikacin da ke da ubangida mai zuba mashi kuɗi yake riƙewa, makaɗi kuwa yau shina nan, gobe shina can. Ko da wani porje ya ɗauki ƴan teyatur su zagaya kasuwanni don waye kai kan rigakafi ko karatun ƴan mata, sau tari da baki ake gama ciniki.

Mu leƙa waje. A Kano ƴan fim na da MOPPAN, wadda ke sa ido kan sana'a har ta hukunta, kamar yadda ta kori Rahama Sadau a 2016. A Amurka ƴan wasan fim sun yi yajin aiki na kwana 118 a 2023, kan kuɗin finafinan da ake kallo ta intanet da kuma hana kwamfuta kwaikwayon fuskarsu ko muryarsu ba izini. A Faransa, ɗan wasan da ya cika awa 507 na aiki cikin shekara yana samun tallafi lokacin da aiki ya yanke. Da anka taɓa wanga tsari a 2003 sunka tsai da aiki, har babban bikin teyatur na Avignon ya fasa. UNESCO ma tun 1980 ta shawarci ƙasashe su ɗauki mai fasaha a matsayin ma'aikaci mai ƴancin kafa sandika.

Mi za mu ɗauka a ciki? Ƙungiyar wasa ta nemi takardar amincewar hukuma. Ta yanke kuɗin aikinta baki ɗaya, don kada wani ya karya farashi ta bayan fage. Kowane aiki a rubuta shi a takarda, da shaidu. A aje asusu, ko na adashi ne, saboda ciwo da rasuwa. Waƙa ko wasa kuma a kai a rubuta da sunan mai shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma ƴan uwa na waje, waƙar gida da kuke turawa ta WhatsApp tana ɗebe maku kewa, mai ita na nan da iyali. In kun aiko da na cefane, ku tuna da shi.