Bam ɗin Faransa da ƙurar hunturun 1960

Mai karatu, in kai mutumin Anka ne ko Bukkuyum, ba sai an yi maka dogon bayani ba cewa ƙura na iya kisa. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. To amma ka san shekara hamsin kafin nan, wata ƙurar ta taɓa tayar da hankalin Nijeriya baki ɗaya?

Ran 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tashi bam ɗin nukiliya na farko a sararin Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Ƙarfin sa ya kai ninki huɗu na wanda Amurka ta jefa wa Hiroshima. Dubi lokacin da su ka zaɓa: hunturu, sa'ar da iskar hamada ke kwararowa kudu ta lulluɓe Lardin Sakkwato, har da Gummi da Anka. Tsoron shi ne burbushin bam ɗin ya biyo iska ya sauka a rijiya da gona da nonon shanu. Ga shi ba a ganin sa, ba ya wari, sai dai bayan shekaru ya fito a matsayin ciwon daji.

Faransa ta yi kunnen uwar shegu. Ta ƙara na biyu a Afrilu, na uku ran 27 ga Disamba. Nan fa tura ta kai bango. Ran 5 ga Janairu, 1961, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa, Raymond Offroy, ta hana jiragen sama da na ruwa na ƙasar sauka nan. Ƙasa mai wata uku da samun 'yanci fa! A 2014 wata taswirar sojan Faransa da aka daɗe ana ɓoyewa ta nuna cewa burbushin na farkon ya kai Chadi da Mali. Ashe ba tsoron banza ba ne.

Gwaji a sama na da wata illar kuma. A Yulin 1962 Amurka ta tashi wani bam kilomita 400 a saman tekun Pasifik. Ya fitar da wata igiyar lantarki mai ƙarfi wadda ta kashe fitilun titi kusan 300 a Hawai, mai nisan kilomita 1,400. A wancan zamanin fitila ce. Yau waya ce da banki da injinan asibiti. A 1963 Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet su ka amince su daina gwaji a sarari. Faransa ta ƙi sa hannu.

'Yan fim ɗin mu, ku da ke kukan ƙarancin labari, ga guda nan. Yaran mu sun san Hiroshima, amma nawa ne su ka taɓa jin sunan Reggane? Allah ya kyauta.