Gas Daga Cikin Dutse: Yadda Haƙa Ta Riga Doka Tashi A Amurka

A ranar 1 ga Janairun 2009, rijiyar ruwan shan wani gida a ƙauyen Dimock da ke jihar Pensilbaniya ta Amurka ta yi bindiga, har murfin kankaren da ke kanta ya tarwatse. Iskar gas ce ta taru a cikinta. Kafin nan, kamfanin Cabot ya riga ya fara haƙa rijiyoyin gas a yankin. Mai karatu, idan kana son sanin yadda aka kai ga wannan rana, sai mu ɗan koma baya.

Mu fara da dutsen kansa. Shel dutse ne da ya samu daga laka wadda ta kwanta a ƙarƙashin teku, miliyoyin shekaru da suka wuce, tare da gawarwakin ƙananan halittu. Zafi da nauyin ƙasa suka dafa su har suka zama mai da gas. Matsalar ita ce ƙofofin dutsen ƙanana ne ƙwarai, ko ka huda shi gas ɗin ba ya fita da yawa. Masana sun daɗe da sanin arzikin na nan, amma ya zama gani nan bari nan.

Dabarar fasa dutse da ƙarfin ruwa, wadda ake kira firakin, tsohuwa ce. An gwada ta a Kansas a 1947, kamfanin Halliburton ya fara kasuwancinta a 1949. Wanda ya nace sai ta yi aiki a kan shel shi ne George Mitchell, wani attajirin Teksas. Tun 1981 yake zuba kuɗi a dutsen Barnett, ana yi masa kallon mai ɗiban ruwa da kwando. A 1998 injiniyoyinsa suka gano cewa ruwa mai yawa, da yashi, da 'yan sinadarai sun fi haɗin mai kauri da tsada da aka saba amfani da shi. Ruwan ya tsaga dutsen, yashin ya maƙale a tsagar don kada ta rufe, gas ya samu hanya. Da kamfanin Devon ya sayi na Mitchell a 2002, sai aka haɗa wannan da haƙa a kwance: a nutsa kilomita 2 ko 3, sannan a karkata bututu ya bi dutsen a tsawonsa. A shekarar 2000 gas ɗin shel bai wuce kashi 2 cikin 100 na abin da Amurka ke haƙowa ba. Yanzu ya haura kashi 70.

To ina doka take duk wannan lokacin? Tun 1974 Amurka na da dokar kare ruwan sha, wadda ta ba Hukumar Kare Muhalli, wato EPA, ikon sa ido kan duk abin da ake ɗurawa ƙarƙashin ƙasa. Hukumar ta ɗauka firakin ba ya ciki. A 1997 wata kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar da ta taso daga jihar Alabama, ta ce yana ciki. A 2004 EPA ta fitar da rahoto a kan firakin da ake yi a shimfiɗar kwal, ta ce haɗarinsa ga ruwan sha kaɗan ne ko ma babu. Wani injiniyan hukumar, Weston Wilson, ya rubuta wa majalisa cewa binciken bai tsayu a kan kimiyya ba. Duk da haka, a 2005 majalisa ta zartar da dokar makamashi wadda ta cire firakin daga dokar ruwan sha, sai fa idan da man dizal aka yi shi. Masu suka suka raɗa wa saƙin layar sunan Halliburton, domin mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Dick Cheney, shi ya shugabanci kamfanin daga 1995 zuwa 2000. Nauyin sa ido ya koma kan jihohi, kowacce da irin dokarta, daidai lokacin da haƙar ke shirin bunƙasa.

Mu koma Dimock. Hukumar muhallin jihar ta gano iskar metan ta shiga rijiyoyin ruwan gidaje kusan 20, ta ɗora laifin a kan rijiyoyin gas da ba a gina da kyau ba. Ka lura da wannan, domin a nan mutane da yawa ke kuskure. Tsagar da ake yi tana can ƙasa, fiye da kilomita ɗaya ƙarƙashin ruwan da ake sha. Amma bututun sai ya ratsa ta cikin ruwan shan kafin ya kai can, kuma ƙarfe da siminti ne kawai ke tsakani. Idan simintin ya bar kafa, gas ya samu tsanin hawa. Kamfanin ya kafe cewa metan ɗin dama yana cikin ruwan yankin tun asali, wanda gaskiya ne a wasu wurare. Da yake ba a auna metan a yawancin rijiyoyin kafin haƙa ba, rarrabewa ta yi wuya. Sai a Nuwamban 2022 kamfanin, wanda ya koma Coterra, ya daina jayayya da tuhumar a kotu, ya amince ya biya fiye da dala miliyan 16 don jawo wa mutanen ruwan famfo. Kusan shekara 14 ke nan.

Ita ma EPA ta yi amai ta lashe. Daftarin rahotonta na 2015 ya ce ba ta ga shaidar illa mai faɗi ga ruwan sha ba. Masanan da ke ba ta shawara suka ce alƙaluman ba su isa a faɗi haka ba. A rahoton ƙarshe na Disamban 2016 aka cire jumlar, aka ce firakin na iya gurɓata ruwan sha a wasu yanayi: malalar sinadarai, rijiya mai yoyo, da sakacin zubar da dagwalon ruwa.

Wannan dagwalon shi ya girgiza Oklahoma. Rijiyar mai ko ta gas tana fito da ruwa mai gishirin da ya fi na teku, kuma hanya mafi arha ita ce a sake ɗura shi can ƙasa. Kafin 2009 jihar na ganin girgizar ƙasa mai maki 3 zuwa sama sau 1 ko 2 a shekara. A 2015 an ƙirga kusan 900. Ruwan da ake ɗurawa ya ƙara matsi a tsofaffin tsagogin ƙasa, suka fara zamewa. A Satumban 2016 mai maki 5.8 ta auku a Pawnee. Da hukuma ta tilasta rage ɗurawar, girgizar ta ragu sosai, abin da ya ƙara tabbatar da sanadin.

Wasu ƙasashen, ganin gemun ɗan'uwa ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa. Faransa ta haramta firakin a 2011, jihar Niyok ta sanar da haramcinta a 2014, Ingila ta dakatar a 2019 bayan girgiza mai maki 2.9 kusa da Blackpool. A Aljeriya, maƙwabciyar Nijar, mutanen In Salah sun yi watanni suna zanga-zanga a 2015, saboda tsoron abin da zai sami ruwan ƙarƙashin Sahara da suka dogara da shi.

Kada ka ɗauka labarin duk hasara ne. Gas ya yi arha a Amurka, ya ture kwal daga tashoshin lantarki da yawa, hayaƙi ya ragu, ko da yake metan ɗin da ke zurarewa na rage wannan riba, tunda cikin shekara 20 yana ɗumama duniya kusan ninki 80 na iskar kabon. Mu ma guguwar ta taɓa mu: dabarar ta ba Amurka mai daga shel, har a Yulin 2014 ba ta sayi ko ganga ɗaya ta ɗanyen man Najeriya ba.

Ga abin da zan so ka riƙe. Duk ranar da ka ji za a fara haƙar mai ko gas kusa da garinku, ko da wace dabara ce, ka yi tambaya uku: an auna ruwan rijiyoyinmu kafin a fara, kuma sakamakon na hannun wa? Wa zai duba simintin rijiyar, ban da kamfanin? Ina za a kai dagwalon? Mutanen Dimock ba su samu amsar ta farko a kan lokaci ba, shi ya sa suka shekara da shekaru suna shan ruwan jarka.