Dashen Dabino a Kudancin Garin Kaduna da Tarihin da Ke Bayansa

Dabino ya daɗe a bakin Bahaushe kafin ya zauna a gonarsa. Ayarin raƙuman Buzaye, wanda ke ƙetare hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma, shi ke sauko da gishiri da dabinon Kawar zuwa Agadas, daga nan kayan su gangaro Damagaram da Kano, alhazai kuma suna dawowa da na Madina cikin tsarabarsu. Daga ƙwallayen da aka binne ko aka yar bayan an ci ne akasarin itatuwan Arewa suka tsiro, har Dutse da Fika suka yi suna da dabino.

Wannan asali yana da illar da har yau ake fama da ita, domin dabino itace ne mai jinsi biyu, wato namiji daban mace daban, kuma macen ce kaɗai ke 'ya'ya, bayan an yi mata barbara da garin furen namiji. Ƙwallon da aka shuka yakan fito namiji kusan sau ɗaya cikin biyu, ba a gane jinsinsa sai ya yi fure bayan shekaru, kuma ko ya fito mace ba lalle ne ya gaji zaƙi da girman uwarsa ba. Saboda haka manoman hamada suka dogara ga tohon da ke fitowa daga gindin uwa, wanda ake yankewa a dasa, ya zo da halinta cif. Ta wannan hanya aka ɗauki toho 11 na dabinon Majdul daga Maroko zuwa Amurka a 1927, lokacin da cutar bayud ke cinye gonakin Maroko, kuma daga su ne gonakin Majdul na Kalifoniya suka yaɗu. Daga baya aka samu dabarar raino a ɗakin gwaji, inda ake fitar da dubban dashe daga ƙwayoyin itace guda.

A Najeriya, cibiyar NIFOR da ke kusa da birnin Benin, wadda ta samo asali a 1939 don binciken kwakwar manja, ita ke da reshen binciken dabino a Dutse, kuma can ya fi cancanta mai neman ingantaccen dashe ya fara tambaya.

Magidancin Barnawa ko Narayi ko Kakuri da ya ga dashe cikin leda a bakin titi, an ce masa Ajwa ne ko irin aure, yana da haƙƙin sanin ko daga ƙwallo ya tsiro ko daga gindin uwa, gama shekarun jiransa sun rataya a kan amsar. Akwai kuma batun damina: ruwan Kaduna ya fi na Dutse yawa da daɗewa, dabino kuwa yana son zafi da bushewa lokacin nuna, in laima ta same shi sai ya tsage ya ruɓe a kan itace.