Yadda ake zaɓar ƙaramar furosesa mai buɗaɗɗen tushe domin na'urar FPGA

FPGA wani guntun silikon ne da ake iya sake tsara haɗin cikinsa bayan ya fito daga masana'anta. Kamfanin Xilinx na Amurka ne ya fara sa shi a kasuwa a shekarar 1985, a yau kuma ana samunsa a na'urorin sadarwa da na asibiti da taurarin ɗan'adam da injinan masana'antu. Cikinsa cike yake da dubban ƙananan akwatunan lissafi da ake kira LUT. Injiniya yakan rubuta bayanin yadda yake so a haɗa su cikin harshen Verilog ko VHDL, a loda wa guntun, sai ya rikiɗe ya zama na'urar da aka bayyana.

Cikin abubuwan da ake ginawa ta wannan hanya har da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke karanta umarni tana aiwatarwa. Irin wannan furosesa rubutu ce kawai har sai an loda ta, sannan ta ci wani kaso na akwatunan guntun ta fara aiki. Ana bukatarta ne saboda akwai ayyukan da ke tafiya daki-daki, kamar saita na'ura idan an kunna ta, ko karɓar saƙo daga kwamfuta, waɗanda rubuta su a harshen C ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan tsara musu haɗi na musamman.

Daga ta kamfani zuwa ta kowa

Shekaru da dama masu ƙera FPGA ne ke ba da furosesar: Xilinx na da MicroBlaze, Altera na da Nios II. Suna aiki da kyau, sai dai kowacce a ɗaure take da guntun kamfaninta, wanda ya sauya kamfani sai ya sake lale.

Al'amarin ya sauya bayan 2010, lokacin da masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ciki har da Krste Asanović da David Patterson, suka fara tsara RISC-V. Shi RISC-V ba furosesa ba ne. Jerin umarnai ne da kowa ke da damar gina furosesa a kansa ba tare da biyan kuɗin mallaka ba. Tushensa mai bit 32 yana da umarnai kusan 40 kacal, sauran kuma ƙari ne da ake sa wa harafi: M na ninkawa da rabawa, C na gajerun umarnai. Tun da manhajojin fassara na GCC da LLVM sun san wannan jeri, duk furosesar da ta bi shi ta gaji kayan aiki a shirye. Hatta manyan kamfanonin sun bi sahu, suka fito da Nios V da MicroBlaze V.

Biyar da suka yi fice

SERV, wadda Olof Kindgren na ƙasar Suwidin ya rubuta, ita ce ta shahara da ƙanƙanta. Maimakon ta sarrafa bit 32 a lokaci guda, ɗaya bayan ɗaya take bi, don haka LUT kusan 200 sun ishe ta a guntun iCE40 na kamfanin Lattice.

PicoRV32 ta Claire Wolf fayil ɗaya ce ta Verilog. Tana cin LUT tsakanin 750 da 2,000 a jerin 7 na Xilinx, gwargwadon abin da aka kunna a cikinta, kuma sauƙin fahimtarta ya sa masu koyo da yawa suke farawa da ita.

VexRiscv ta Charles Papon an rubuta ta ne a harshen SpinalHDL, an kuma gina ta da sassa da ake ƙarawa ko a cire. Ana iya matse ta ta koma kusan LUT 500, ana iya faɗaɗa ta har ta ɗauki manhajar Linux.

NEORV32 ta Stephan Nolting a VHDL take, tana kuma zuwa da kayanta: agogon ƙirga lokaci, da kafofin sadarwa irin su UART da SPI, da littafin jagora mai zurfi.

Ibex ta samo asali daga aikin jami'ar ETH da ke Zurich da Jami'ar Bologna, yanzu kuma ƙungiyar lowRISC da ke Kambirij a Ingila ke kula da ita. An san ta da tsananin gwaji, ita ce ma ke cikin guntun tsaro na OpenTitan.

Ma'aunan zaɓi

Na farko shi ne sauri. Furosesa da bugun agogo take aiki, abin tambaya kuwa shi ne bugu nawa kowane umarni ke ci. SERV na bukatar aƙalla 32, PicoRV32 kusan 4, VexRiscv kuwa idan an tsara ta sosai tana kusantar bugu ɗaya. A agogo mai bugu miliyan 50 a daƙiƙa, SERV ba za ta wuce umarni miliyan ɗaya da rabi da 'yan kai ba, PicoRV32 kuma za ta kai wajen miliyan 12. Ga karanta ma'aunin zafi sau goma a daƙiƙa, SERV ta isa har da saura. Ga sarrafa sauti ko hoto, ba ta kai ba.

Na biyu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne ma'adanar da manhajar za ta zauna. Guntun iCE40 HX1K yana da LUT 1,280, amma ma'adanarsa kilobait 8 ce kawai. UP5K yana da LUT 5,280 da ƙarin kilobait 128. Sau da yawa furosesar kan shiga lafiya, manhajarta ce ke rasa wurin zama. A nan ƙarin C ke da amfani, domin yakan rage girman manhaja da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ko da yake shi ma yana cin wasu akwatunan. A kuma kula da alƙaluman girma: LUT na iCE40 mai ƙofa huɗu ne, na jerin 7 na Xilinx mai ƙofa shida, don haka ba a kwatanta su kai tsaye.

Na uku shi ne harshe da kayan aiki. Manhajojin kyauta na Yosys da nextpnr suna karɓar Verilog kai tsaye. VHDL na bukatar ƙarin GHDL, SystemVerilog da aka rubuta Ibex da shi kan bukaci a juya shi tukuna, VexRiscv kuma sai an girka kayan harshen Scala kafin a fitar da Verilog ɗinta. Harshen da masu aikin suka iya karantawa ya fi wanda suke jin labarinsa, domin ranar da matsala ta taso su ne za su buɗe fayil ɗin.

Na huɗu shi ne lasisi. SERV da PicoRV32 suna ƙarƙashin ISC, VexRiscv MIT, NEORV32 BSD, Ibex kuma Apache 2.0. Dukkansu sun yarda a sa su cikin hajar sayarwa muddin an bar sunan mai aikin da takardar lasisin. LEON3 ta kamfanin Gaisler kuwa GPL ce, wadda ke neman a buɗe aikin da aka gina da ita idan an rarraba shi, sai fa in an sayi lasisin kasuwanci.

Na biyar shi ne abin da ke kewaye da furosesar. Dole ta yi magana da sauran sassan ta wata hanyar ciki, galibi Wishbone ko AXI, kuma a tabbata tasu ɗaya ce. A duba ko tana da kafar JTAG da ake tsayar da manhaja ta cikinta a gano kuskure, a kuma duba ko har yanzu akwai masu kula da ita.

A taƙaice, daidai ruwa daidai tsaki. Inda wuri ya yi ƙaranci aikin kuma ba na gaggawa ba ne, SERV ta wadatar. Mai koyo ya fara da PicoRV32, mai son cikakken tsari a VHDL ya ɗauki NEORV32, mai tsammanin aikinsa zai girma ya dubi VexRiscv, mai niyyar kai zanensa masana'anta wata rana kuma ya dubi Ibex. Kafin a yanke hukunci, a fassara ainihin manhajar da za a yi amfani da ita, a loda a ainihin guntun, a auna wurin da ta ci da lokacin da ta ɗauka.