Zakaran Birni: Wa Ke Tashin Kano Kafin Zuwan Agogo?

 Yau hirar tamu a kan zakara ce. Kar ku yi dariya, ku dai biyo ni.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci kaza tun a zamanin Barbushe. Cikin abubuwan da mutane ke kawowa gindin Dala don tsafin Tsumburbura akwai baƙin kare, baƙin bunsuru da baƙar kaza. Ke nan bisa wannan ruwaya, kaza ta riga ganuwa zama a Kano, tunda Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi aka ce ya fara ginin ganuwar. Ita ma kazar baƙuwa ce. Kakanta wani tsuntsun daji ne na kudu maso gabashin Asiya, kuma an tono ƙasusuwan kajin gida a Tailan da suka kai wajen shekara 3,500.

To ku ɗan hango birnin nan lokacin da babu agogo, babu lasifika, babu waya. Dare ya yi, an rufe ƙofofi. Ladani da muryarsa kaɗai zai kira assalatu, shi kuma wa zai tashe shi? Mai ƙosai fa, da fatake masu son yin sammako daga Kasuwar Kurmi? Taurari suna taimakawa, amma ranar da hazo ya rufe sama, zakara ne abin dogaro. Ga kuma hadisin da ya hana zaginsa saboda yana tashin mutane salla.

Abin mamakin shi ne, ba hasken alfijir yake jira ba. A 2013 wasu masana biyu a Jami'ar Nagoya ta Japan, Shimmura da Yoshimura, sun ajiye zakaru a ɗaki mai dishi-dishin haske dare da rana, amma suka ci gaba da cara a kan lokaci, kusan duk bayan awa 24. Agogon a jikinsu yake. A 2015 suka ƙara gano cewa babban zakara, wanda ya fi ƙarfin sauran, shi ke fara cara, na ƙasa da shi su biyo baya bi da bi. Idan aka ɗauke babban, na biyu ya haye kujerar. Wato ko a akurki akwai sarki, akwai waziri.

Sai dai ba duk zakaru ne muryarsu ɗaya ba. Namu na Hausa ɗan ƙarami ne, cararsa gajeriya mai kaifi, daƙiƙa biyu ko uku ya gama. Durgu mai gajerun ƙafafu ma haka. Zakaran Fulani ya fi tsayi da jiki, kuma a ƙa'ida girman jiki kan sa murya ta yi kauri. A wasu ƙasashen kuwa, carar kanta ake kiwo. Turkiyya na da zakaran Denizli mai jan cara ɗaya har daƙiƙa 20 ko fiye, Japan na da Tomaru da Totenko da Koeyoshi. Mu a nan an fi duba launi da juriya: wanda zai yi kiwon kansa a lungu, ya tsere wa shaho, ya jure zafin bazara. Ba banza ba Bahaushe ya ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Yanzu ku leƙa wajen masu kaji a Kasuwar Rimi ana gobe Salla. Kejin cike yake da fararen kajin gidan gona, amma da wuya ka ji cara daga cikinsu. Dalili? Zakara sai ya kai wata huɗu ko biyar yake fara cara sosai, shi kuwa buroila sati shida zuwa takwas ake yanka shi. Bai ma san yana da murya ba. Su kuma masu ƙwai, irin su Shika Brown da cibiyar NAPRI ta Zariya ta samar, matan ake buƙata, domin kaza na yin ƙwai ko babu zakara. Maja ne kawai ke daɗewa har su yi cara, da wata murya mai kauri.

A ganina nan ne asarar take, kuma ta wuce batun murya. Duk gidan da aka daina barin zakaran Hausa ya girma, ko aka saki maja cikin kajin gida, irin nan mai juriya yana narkewa a hankali. Gidajen cikin birni kuma sai ƙara matsewa suke, an sa siminti da tayil a tsakar gida, wurin akurki ya zama ɗaki. Waɗanda suka rage ma, fitilar sola da ƙarar janareta kan sa su yi cara tsakar dare, har tsofaffi masu camfa carar da ba ta kan lokaci su ce a kawo wuƙa.

Idan kana Yakasai, Dala ko Mandawari, gobe da asuba ka kasa kunne kafin lasifika ta fara, ka ƙirga zakara nawa ka ji, ka rubuto mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.