eNaira da Mai POS: Tazarar da ke Tsakanin Mai Ƙira da Mai Amfani

A ranar 25 ga Oktoba 2021 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira a Fadar Shugaban Ƙasa da ke Abuja, da haka Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da babban bankinta ya fitar da kuɗin intanet na kansa. A watan Mayun 2023, wani bincike na Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya nuna cewa kashi 98.5 cikin ɗari na asusun eNaira da aka buɗe sukan yi mako guda cur ba a taɓa su ba. Ko da ƙarancin takardun kuɗi ya sa jama'a a gaba a farkon 2023, wurin masu POS da manhajojin bankuna aka yi tururuwa. Wannan maƙala na ganin cewa babban abin da ya hana eNaira karɓuwa shi ne masu ƙirarta ba su ba wa mai amfani wata siffa da zai riƙe a zuciyarsa game da abin da ke hannunsa ba.

Tun 1943 masanin Birtaniya Kenneth Craik ya kawo ra'ayin cewa ɗan Adam yakan gina ƙaramar taswirar duniya a cikin kansa, da ita yake hasashen abin da zai biyo bayan aikinsa. Donald Norman ne ya shigo da batun cikin fagen ƙira a littafinsa na 1988. A wurinsa abubuwa uku ne: taswirar da ke zuciyar mai ƙira, wadda ke zuciyar mai amfani, da kuma fuskar na'urar. Mai ƙira da mai amfani ba sa haɗuwa. Duk abin da fuskar ba ta faɗa ba, to mai amfani zai cike gurbin da abin da ya saba da shi. Dabarar kwamfutar Xerox Star ta 1981 ke nan, wadda ta zana tebur da takardu da fayil a kan allo, don ma'aikacin ofis ya tarar da abin da ya riga ya sani.

To wace taswira ce a zuciyar Babban Bankin Najeriya? A wurinsa bambancin a fili yake: kuɗin da ke asusun bankin kasuwanci bashi ne a wuyan wannan bankin, eNaira kuwa tana wuyan Babban Banki kai tsaye, kamar takardar naira. Wannan bambanci ne mai nauyi ga masanin tattalin arziki. Amma ina yake a fuskar waya? Da farko sai mai asusun banki da lambar BVN ne ke iya buɗe manhajar, daga asusun nan kuma zai ɗebo kuɗi ya zuba, naira ɗaya a matsayin naira ɗaya, babu ƙarin ko kwabo. Abin da ɗan kasuwa ya gani shi ne wani asusu na biyu da ke yin aikin na farko. Tambayarsa guda ce: me zan yi da shi? Lambar *997# da aka fito da ita a 2022 don masu ƙaramar waya ta sauƙaƙa shiga, amma ba ta amsa wannan tambaya ba.

A tsaya a rumfar mai atamfa a kasuwar Wuse a ga yadda ciniki ke ƙarewa. Mai saye ta tura kuɗi, ta juyo da wayarta ta nuna. Mai rumfa ya leƙa, ya duba tasa wayar, ya ce: “Hajiya, a ɗan yi haƙuri, ban ga alat ba.” Kaya na ɗaure a leda, amma ba za su bar rumfa ba sai wayarsa ta yi ƙara. A taswirarsa, kuɗi abu ne da ke barin hannu ya shiga wani hannu, alat kuma shi ne shaida. Mai POS da ke ƙarƙashin laima a bakin ƙofa ya dace da wannan taswira ciki da bai: ka ba shi kati, ya ƙirga maka kuɗi a gabanka, ya yago ɗan rasit ya miƙa maka. In an sami matsala, ka san fuskarsa, gobe ma yana nan. Shi kansa wani ɓangare ne na na'urar, kamar yadda wakilan M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya, suka zama a Kenya tun 2007.

Ba wai tsarin POS ɗin ba shi da aibu ba ne. “An cire mini, bai shiga ba” magana ce da kowa ya taɓa ji a Abuja, daga Utako har Dei-Dei. Wannan wani giɓi ne da Norman ya yi bayani a kai, inda mutum ya aikata abu amma ya kasa gane halin da na'ura take ciki. Saƙon da ke fitowa na Turanci ne mai lambobi, an rubuta shi don injiniya, ba ya faɗin inda kuɗin suka maƙale ko ranar da za su dawo.

Wasu za su ce rashin yarda da gwamnati ne ya kayar da eNaira, musamman ganin Babban Bankin ya hana bankuna hulɗa da kuɗin kirifto a Fabrairun 2021. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai yarda ma cikin taswirar take. Wanda bai san wa ke ganin cinikinsa ba, bai kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in kuɗinsa sun ɓace ba, dole ya yi zaton mafi muni, kuma aikin ƙira ne ta amsa masa tun bai tambaya ba.

Daga hedikwatar Babban Banki zuwa kasuwar Wuse tafiyar 'yan mintuna ce a mota. Ya kamata Bankin da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, su shardanta cewa duk manhajar da za a yi wa jama'a sai an gwada ta a hannun 'yan kasuwa, da harshen da suke ciniki, kafin a sa ranar ƙaddamarwa.