2.4 Tarihin Gyaran Ƙafar Babur a Ƙasar Yauri

Kamar yadda aka yi bayani a baya, ƙasar Yauri ƙasa ce ta bakin ruwa. Don haka kwale-kwale da jaki su ne abin sufurin talaka kafin zuwan keke, kuma a jikin keke ne sana'ar faci ta fara kafuwa. A nan za a duba yadda aikin cire ƙafar babur ya fita daga hannun mai faci shi kaɗai, ya shiga hannun mai babur.

Abu na farko shi ne madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gina tsakanin 1964 da 1968. Da tafkin ya cika, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwan gaɓa, aka tayar da mutane fiye da dubu 40, ciki har da Gungawa, aka sake masu matsuguni a tudu. Wanda ya saba kai albasa ko kifi kasuwa ta ruwa, sai ga shi yana bukatar hanya. Babura sun yawaita a hannun ma'aikata bayan ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a 1975. To amma a ganin mai wannan bincike, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ne ya fi yin tasiri, domin darajar Naira ta faɗi, kaya sun yi tsada, matasa kuma suka rungumi kabu-kabu. Mai faci yana samuwa a Yelwa da Birnin Yauri, da yake suna bakin babbar hanyar Kwantagora zuwa Sakkwato. Shi kuwa wanda ƙaya ta soki tayarsa a ƙauyukan Shanga ko Ngaski, dole ya zama bakaniken kansa, ko ya tura babur da kaya a cikin rana.

Cire ƙafar gaba ba wuya. Ta baya ita ce aiki. Akan kafa babur a kan babban jakinsa, a kwance ƙarfen birki, a sassauta notin tsakiya, a zare ƙarfen da ya ratsa ƙafar, sa'annan a fitar da ita. Daga nan sai a ɓamɓare taya da ƙarfe, cikin hankali don kada a tsaga tub. Sai dai inda mafi yawa suke kasawa shi ne wajen saiti. Akwai notin jan sarƙa guda biyu, dama da hagu, kowanne da zanen ma'auni, kuma wajibi ne su zo daidai. Idan ɗaya ya wuce ɗaya, ƙafa za ta karkace, sarƙa ta riƙa cin haƙoranta, taya ta ƙare ta gefe guda, babur ya riƙa kwasar mutum a cikin yashi. Wasu sukan miƙa zare daga ƙafar baya zuwa ta gaba don su tabbatar. Ita sarƙar ma akan bar mata ɗan sassauci, kamar santimita 2 zuwa 3.

Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikeja a 2008. Tun kafin haka baburan Sin irin su Jincheng suka cika kasuwa, daga baya Bajaj na Indiya ya biyo, kuma tayoyinsu ba ingancinsu ɗaya ba. Wannan ya sa ɗan kabu-kabu yakan ajiye sufana da gam da guntun tsohon tub a jikin baburinsa.